Mai Walda da Ƙahon Akuya

Har yau Mai Walda ake ce masa, ko da yake rabonsa da yin walda don neman abinci tun 'ya'yansa suna firamare, ga su yanzu da nasu 'ya'yan. Gajere ne kakkaura, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Irin mutanen nan ne da in sun ce ƙarfe ya miƙe, ko ka kawo ma'auni ka gwada musu karkatarsa, to ma'auninka ne ya karkace. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana da tausayi ƙwarai, sai dai tausayin nasa ma da taurin kai yake zuwa.

Ta ƙofar baya akuya ta shigo rayuwarsa. Autarsu ce bayan yaye cikinta ya ƙi madarar gwangwani, ya ƙi ta shanu, yarinya ta rame sai idanu, wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a gwada mata nonon akuya. Ya sayo guda ya ɗaure a bayan shago. Yarinya ta murmure. A nan ya kamata zance ya ƙare, amma ina. Mai Walda ya ji labarin akwai awakin da ke ba da ninkin abin da tasa ke bayarwa, abin ya tsaya masa a rai kamar ƙaya. Kafin a ankara filin bayan gidansa ya cika da kejina na ragowar bututun ƙarfe, kowanne da ƙofarsa da sakatarsa, an ɗaga ƙasansu don kada kofato ya jiƙe. Ya rufe shago, ya sayi firiji da bokitan silba da rariyar tace madara. Safe da yamma shi da matarsa suna tatsa, mutanen layi na zuwa da kwalabensu.

Ana cikin haka abin ya faru. Wata safiya matar ta duƙa tana zuba dusa a kwano, sai wata jar akuya mai ƙaho, wadda ba ta taɓa tunkuyin kowa ba, ta kaɗa kai don korar ƙuda. Iyakar abin ke nan. Tsinin ƙahon ya sami idon hagu. Mai Walda yana can yana wanke bokiti ya ji ta ce, "Baban yara, zo," a hankali, kamar za ta nuna masa wani abu a ƙasa. Da ya zo ya ga abin da ke bin tsakanin yatsunta, sai ya tsaya yana kallo kawai. Ita ce ma ta ce masa ya ɗauko makullin mota. Likitoci sun yi iya yinsu, ido bai dawo ba.

Ita dai ta dawo gida da baƙin tabarau, kuma ta riga shi komawa wurin awaki. Shi ne bai warke ba. In tana tsiyaya shayi ta kuskure bakin kofi, sai ya kau da kai kamar shi aka zuba wa. Ya kwashe duk masu ƙahon da ke gidan ya rabu da su, ya ce daga ranar ƙaho ba zai ƙara zama a gidansa ba.

Dogo, abokinsa kuma abokin karawarsa, wanda shi ma awakin madara yake kiwo a ƙarshen gari, ya ce masa, "Kai ma ka cika neman wahala. Ka ƙone musu tun suna 'yan kwanaki mana, yadda kowa ke yi. Kai da wuta ce sana'arka."

Ya gwada sau ɗaya. Ya ɗora jan ƙarfe a kan 'yar akuya, ihun da ta yi ya bi shi har kan tabarmar salla. Bayan watanni kuma wani karkataccen guntun ƙaho ya sake tsirowa a wurin. Ya jefar da ƙarfen.

"Wannan rufa-rufa ce," in ji shi. "Ka ƙone a kai, yana nan a jini. Ni daga jinin nake so in cire shi."

Don akwai awakin da Allah ke halitta ba ƙaho, kansu sumul tun daga ciki. Ba su da yawa. Su Mai Walda ya sa a gaba, kuma a cikin nemansu ya yi gamo da Famfo.

Fara ce doguwa, mai faɗin baya, haihuwar marar ƙaho. Matarsa ce ta raɗa mata sunan ranar da suka fara tatsarta, bokiti ya cika ya yi kumfa, hantsar kuwa ko a jikinta. "Wannan ai sai a nemo mata murfi," in ji ta. A gasar awakin madara da ƙungiyar masu kiwo ke shiryawa duk shekara, inda ake duba tsayuwar akuya da ƙafafunta da zaman hantsarta, sannan a tatse a auna, Famfo ta hana kowa sakat. Jajayen ƙyallayen da ake ba wanda ya zo na ɗaya suka cika bangon falo, har suka fara rufe hotunan auren yara. Matar takan ce in baƙo ya shigo sai ya zaci akuyar suka haifa. Dogo kuwa duk shekara sai ya zo ya yi wa Famfo gaisuwa, ya tambaye ta yaushe za ta yi ritaya talakawa su samu.

Matsalar Famfo ɗaya ce, haihuwa. Maza take zubawa, su kuwa maza a gidan madara ba su daɗewa, ana yaye su sai wurin mahauci, balle Mai Walda da ba ya ajiye bunsuru saboda wari da ƙorafin maƙwabta. In ta haifi mace, sai ta zo da ƙaho, tunda bunsuran da ake kai ta wurinsu duk haihuwar masu ƙaho ne da aka ƙone wa. Sau ɗaya ta haifi mace marar ƙaho, wannan kuma ta haɗiyi leda ta mutu tana ƙarama.

Masu ƙahon fa? Ga inda zuciya ke ɓaci. 'Ya'yan Famfo, waɗanda kowane mai kiwo zai yi rawa in ya samu, Mai Walda wurin mahauci yake kai su. Dogo ya roƙa, ya yi fushi, ya dawo ya sake roƙo. Amsar ba ta canzawa: ba zai tura ƙaho gidan wani ya je ya cire idon matar wani ba. Mahaucin bakin titi, wani mai tumbi mai yawan dariya da suke tsokanar juna tun samartaka, sai da ya sha rantsuwa cewa yanka zai yi, ba zai sayar wa kowa da rai ba. Ya rantse. Sai dai mutum ne mai jan ƙafa, yakan bar dabba a ɗaure a bayan shago kwana da kwanaki kafin ya waiwaye ta, kuma a kan haka suke faɗa kullum.

Famfo ta fara tsufa, haƙora suka fara zuba. Mai Walda ya ga in bai yi da gaske ba za ta tafi ba magajiya. Ya yi lissafinsa irin na mai walda: ƙarfe mai kyau da ƙarfe mai kyau, haɗi mai kyau. In uwa ba ƙaho, uba ba ƙaho, daga ina ƙaho zai fito? Ya yi ta cigiya a ɓoye har ya sami labarin wani bunsuru haihuwar marar ƙaho a wata gona mai nisa. Bai gaya wa Dogo ba, kada ya riga shi. Ya sa Famfo a bayan mota ya kai ta. Mai gonar bai tambaye shi komai ba, don a wurin masu gasa kowace akuya kanta sumul yake, wa zai tsaya tambayar wadda aka ƙone wa da wadda aka haifa haka?

Famfo ta haifi tagwaye, duka mata. Haihuwar ta zo mata da wuya, ba ta ƙara tashi da ƙafafunta ba, bayan 'yan kwanaki ta mutu. Mai Walda ya yi kuka, bai kuma ɓoye ba. Duk abin da ya yi shekaru yana ginawa, duk jinin Famfo da ya rage a duniya, yanzu yana cikin waɗannan 'yan tagwaye da ke kwance a kwali a kicin. Ɗaya kanta sumul. Ɗayar kuwa, duk da lissafinsa, ga alamar ƙaho biyu a goshinta.

Mai sumul ɗin ya sa mata suna Gimbiya. Mai ƙahon bai sa mata suna ba, ba ya sa wa abin da zai tafi suna. Matarsa ce ke kiranta Ƙanwa. Da kwalba mai kan roba aka shayar da su, shi yana ba Gimbiya, ita tana ba Ƙanwa. Da lokacin yaye ya yi ya ce a kira mahauci, matar ta ce ya dubi Allah, marayu ne, in aka raba su Gimbiya ba za ta ci abinci ba. Aka gwada raba su wuni ɗaya, Gimbiya ta yi ta kuka ta ƙi dusa. Dole ya haƙura. Don Gimbiya aka bar Ƙanwa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kallonta ƙasa da goshi ba.

Gimbiya ta tashi abin kallo. Ta fi duk sa'o'inta girma, wuya kakkaura, ƙirji a buɗe, tafiya tana taƙama. Takan hau bayan sauran awaki, ya ce ƙarfi ne ya yi mata yawa. Lokacin barbara ya zo, sa'o'inta suna kuka suna kaɗa wutsiya suna neman bunsuru, ita shiru, ya ce manyan awaki ba sa gaggawa. 'Yan nonuwanta ƙanana kamar ƙwayar wake, ya ce uwarta ma sai da ta haihu ta nuna kanta. Kowace tambaya yana da amsarta a aljihu, kuma ba wanda ya isa ya ja da shi a kan 'yar Famfo.

Ana gobe gasa, inda zai fito da Gimbiya karon farko a rukunin 'yan matan da ba su haihu ba, ya yi mata wanka, ya gyara mata kofato, ya aske gashin da ya yi tsawo. Yana juyawa ɗaukar tawul tagwayen suka fara wasansu, ƙahon Ƙanwa ya ja wa Gimbiya layi a haƙarƙari. Ɗan ƙarci ne, ko jini bai fito sosai ba. Amma Mai Walda ya ga ja a kan fari, idonsa ya rufe. Nan take ya ciro waya.

"Gobe da sassafe ka zo ka ɗauki mai ƙahon nan," ya ce wa mahauci. "Kuma wallahi in ka yi mini jan ƙafar da ka saba, ni da kai har abada. Kada in dawo daga gasa in ji tana da rai."

Matarsa tana tsaye da kwanon dusa. Ta bari ya kashe wayar.

"Baban yara, kafin a tafi da ita, ka duƙa ka dubi ƙarƙashinta."

"Na ga abin da zan gani a kanta."

"Duƙawa ɗaya ce."

"Maman yara, ki bar ni. Shekara guda na yi ina haƙuri da ƙahon nan saboda ke."

Ta juya ta zuba wa Ƙanwa dusa fiye da ta kullum.

Washegari ya tafi da Gimbiya tun mahauci bai iso ba. Babban zauren gasar ya cika da kukan awaki da warin ciyawa da sabulu. An zuba garin katako a fili, an kewaye da igiya, masu kiwo sanye da fararen riguna kowa na goge tasa. Da Mai Walda ya sauko da Gimbiya, mutane suka bar abin da suke yi. Dogo ya zagaya ta, ya riƙe baki.

"Ashe Famfo ba ritaya ta yi ba, kaya ta je ta canza. To mu sai mu tattara mu koma gida."

Daɗi ya kama Mai Walda har kunne. Ya shiga fili riƙe da ita, ya tsayar da ita yadda ake tsayarwa, ƙafafu a daidaice, kai a sama.

Alƙaliyar gasar likitar dabbobi ce, dattijuwa mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta bi layi tana shafa baya, tana duba haƙora. Da ta iso kan Gimbiya ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta shafa wuyan. Ta sa hannu ƙarƙashi ta taɓa 'yan nonuwan, fuskarta ta canza kaɗan. Sannan ta zagaya baya ta ɗaga wutsiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa, ta sauke wutsiyar a hankali.

"Malam, ɗan matso nan gefe da ita."

Ya bi ta yana murmushi, a zatonsa wani yabo ne da ba a yi a gaban jama'a.

"Uwarta ƙone mata ƙaho aka yi, ko haka aka haife ta?"

"Haka aka haife ta," in ji shi, har da ɗaga kafaɗa.

"Uban fa?"

"Shi ma haka. Sai da na sha wuya kafin in same shi."

Likitar ta numfasa. Ta rage murya don kada na kusa su ji.

"Malam, ba a haɗa marar ƙaho da marar ƙaho. In an haɗa, akan sami wadda ke fitowa kamar wannan. A ido mace ce, a ciki ba mace ba ce. Mata-maza ce. Zo ka gani da kanka."

Ta sake ɗaga wutsiyar ta nuna masa. Abin a fili yake ga wanda ya san abin da yake nema. Shi da ya yi shekara yana wanke akuyar nan da hannunsa, sai yau ya gani. Hayaniyar zauren ta yi nisa kamar an toshe masa kunne da auduga.

"Amma za ta haihu," in ji shi. Ba tambaya ba ce, roƙo ne.

"Ba za ta haihu ba. Ba za ta yi nono ba."

"Allura fa? Ko aiki? Ko nawa..."

"Babu, Malam. Halitta ce. Ka yi haƙuri." Ta dube shi da tausayi. "Ita kaɗai aka haifa?"

"Tagwaye ne. Ɗayar mai ƙaho ce."

"To ka gode wa Allah. Mai ƙaho wannan abin ba ya samunta. Ita ce akuyarka, ita za ta riƙe maka jinin uwarta. Ka kula da ita da kyau."

Ta juya ta koma wurin sauran awaki, tana ganin ta kwantar masa da hankali.

Dogo ne ya ga fuskarsa ya taho da sauri. Mai Walda ya gaya masa a guntule, kalmomi na harɗewa. Dogo ya buɗe baki zai ce me ya sa ba ka tambaye ni ba, ya ga ba ranar wannan ba ce, ya haɗiye. Ya karɓi igiyar Gimbiya.

"Ina mai ƙahon?"

"Na ba mahauci."

"Yaushe?"

"Yau."

"To me kake yi a nan? Tafi, zan kawo maka wannan."

Mai Walda bai san yadda ya isa mota ba. Yana tuƙi yana kiran mahauci, waya na ta ringi ba a ɗauka. Ya kira gida, matarsa ta ce ai yana fita mutumin ya iso, ya ja Ƙanwa tana tirjewa. Ya sake kiran mahauci. A mahaɗar titi wata babbar mota ta lalace, layi ya tsaya cak, ya yi ta danna ham kamar zai ɓalle shi. Abu ɗaya yake riƙe da shi a zuciya: mutumin nan bai taɓa yin abu a kan lokaci ba tun da ya san shi. Rabin rayuwarsa yana zaginsa a kan jan ƙafa, yau ga shi yana roƙon Allah ya sa halin na nan.

Ya tsayar da mota a karkace ya shiga shagon. Farin tayil, ƙugiyoyi a jere, sikeli, ƙarar firiji, wata mata na jiran a yanka mata nama. Bai tsaya ba ya wuce bayan shago inda ake ɗaure dabbobi. Igiya na nan a jikin turke, ba komai a ƙarshenta. An wanke siminti, ruwa bai gama bushewa ba.

Mahaucin ya biyo shi yana goge hannu a gaban riga, fuskarsa fal fara'a.

"Yau dai ba ka da abin cewa. Ko shayi ban sha ba sai da na gama da ita. Ina jin wayata tana kuka, hannuna duk jini."

Ya nuna da haɓa. A kan wani faranti a gefen tebur, ga kan Ƙanwa, ido a buɗe, ga ƙahonnin nan biyu 'yan madaidaita. Mai Walda ya dafa bango.

"Amma ka ban mamaki," mahaucin ya ci gaba, bai lura ba. "Ka ce mini ba ta taɓa haihuwa ba. Ina feɗe ta, wuƙa na taɓa hantsa sai ga nono, fari tas, har ƙasa. Na daɗe a sana'ar nan, sau ɗaya ko biyu na taɓa ganin budurwar akuya ta kawo nono ba ciki ba ɗa. An ce sai 'ya'yan manyan masu nono ke yin haka. Na ce oh, wannan da an bar ta..." Sai a lokacin ya dubi fuskar abokinsa. Dariyar ta ɗauke. "Lafiya? Kai ka ce in yanka fa."

"Ni na ce," in ji Mai Walda.

Mahaucin ya jawo masa kujera, bai zauna ba. Ya fita ya bar motar a inda take, ya taka da ƙafa har gida, mutane na gaishe shi ba ya ji.

Matarsa tana tsakar gida tana wanke kwalabe. Ta ɗago ta dube shi da idonta ɗaya, ta ajiye kwalbar.

"Ka tarar da ita?"

"Na tarar da kanta."

Ya zauna a bakin rijiya ya gaya mata duka, abin da likita ta ce, da abin da mahauci ya gani. Da ya zo kan Gimbiya ta dafe ƙirji ta yi salati, don wannan ita ma ba ta taɓa kawo shi a ranta ba. Da ya zo kan nonon kuwa ba ta yi mamaki ba.

"Shi na ce ka duƙa ka gani. Hantsarta ta fara cika tun watan jiya."

"Me ya sa ba ki faɗa mini da baki ba?"

"Da na faɗa za ka ji? Tun yaushe rabon da a yi maganar mai ƙaho a gidan nan ka tsaya ka saurara?" in ji ta. "Baban yara, idona ne ya tafi, ba naka ba. Ni na yafe wa akuyar nan tun ina gadon asibiti, ƙuda take kora. Kai ne ka ƙi yafewa. Duk 'yar Famfo da aka ja aka fita da ita ta ƙofar nan, sai na shiga ɗaki na yi kuka, kai kuma kana cewa don ni kake yi. Ka taɓa tambayata ko ina so?"

Bai taɓa ba. Akwai karin maganar da ta dace da wurin, wadda ake yi a kan gira da ido, amma a gidan nan ba mai bakin faɗarta. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigar gasa. Ita ma ta zauna kusa da shi tana nata kukan, na Ƙanwa da ta shayar da hannunta. A haka Dogo ya same su da ya kawo Gimbiya. Ya ɗaure ta, ya fita ba sallama.

Mai Walda bai ƙara shiga gasa ba. Yana zuwa kallo, ya zauna a benci na baya, in ya ga sabon mai kiwo yana yabon akuya marar ƙaho sai ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ba wanda ya gaya masa shi. Awakin da suka rage a gidansa na yau da kullum ne, suna ba da abin da zai ishi mutanen layi. A cikinsu yanzu akwai masu ƙaho, ya yi musu kwanon abinci mai dogon hannu yadda ba sai an duƙa ba. Jinin Famfo dai ya ƙare.

Gimbiya tana nan. Mahauci ya taɓa yi masa tayin ɗauke masa ita, kallon da ya samu ya sa bai sake ba. Ta ƙara girma, ta yi gemu, har ɗan warin bunsuru take yi, maƙwabta na ƙorafi yana ba su haƙuri. Tun tana 'yar ƙarama ya koya mata hawa teburin tatsa, wani na ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, don kada ta ba shi wahala ranar da za ta fara ba da nono. Ta kuwa koya da kyau. Kullum da safe in an gama tatsar sauran, ba mai kiranta, da kanta take zuwa ta haye, ta sa kai a mazauninsa, ta buɗe ƙafafun baya ta tsaya tana jira. Mai Walda yakan zuba mata dusa, ya jawo 'yar kujerarsa ya zauna a gefenta inda mai tatsa ke zama, hannuwansa a kan gwiwa, har sai ta cinye ta sauka.